Masaba da Ƙwaƙwalwa: Tushen Ilimin Sarrafa Motsi da Koyonsa a Madubin Ƙirar Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Unguwar Maƙera Assada da ke birnin Sakkwato ta daɗe da shahara wajen ƙirar fartanya da lauje da gatari da wuƙa. A al'adar ƙira, yaro yakan fara ne da zuga wuta, sannan riƙe ƙarfe da awartaki, kafin a sakar masa masaba. Tambayar ita ce: mene ne ke sauyawa a jikinsa tsakanin ranar da dukansa ke kauce wa ƙarfe da ranar da ya daina kuskure? Fannoni biyu ne suka duƙufa a kan wannan. Ilimin sarrafa motsi yana nazarin yadda ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi ke jagorantar tsoka a lokacin aiki. Ilimin koyon motsi kuwa yana duba yadda atisaye ke haifar da ƙwarewa mai ɗorewa.

2.0 Tubalan Farko

A shekarar 1897 da ta 1899, Bryan da Harter suka bibiyi masu koyon aikin wayar tangaraho a Amurka, suka lura cewa ƙwarewa ba ta hawa miƙe. Takan tsaya cik na wani lokaci kafin ta sake ɗagawa. A 1899 ɗin kuma Woodworth ya nuna cewa motsi zuwa ga abin da aka nufa kashi biyu ne: yunƙurin farko, sai gyaran da ido ke jagoranta. Shi ya sa gaggawa ke rage daidaito. A Ingila, littafin Sherrington na 1906 ya bayyana saƙonnin da tsoka da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa, waɗanda ke sa mutum ya san inda hannunsa yake ko da ya rufe ido.

3.0 Bernstein da Dukan Guduma

A shekarun 1920, a Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Mosko, Nikolai Bernstein (1896–1966) ya maƙala ƙananan fitilu a hannun ma'aikata, ya ɗauki hotunan motsinsu suna duka da guduma. Sakamakon ya saɓa wa zaton jama'a. Kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu ba su bin tafarki ɗaya daga wani duka zuwa wani, amma kan gudumar ya fi su tsayawa a kan hanya guda. Ke nan gwani ba motsi ɗaya ya haddace ba. Hanyar cim ma manufa ya ƙware a kai. Bernstein ya ga cewa jiki yana da gaɓoɓi da tsokoki fiye da yadda aiki guda ke buƙata, don haka babban nauyin ƙwaƙwalwa shi ne haɗa kansu su yi aiki tare. Ayyukansa ba su yaɗu a Yamma ba sai bayan fitowarsu da Turanci a 1967.

Wannan ya dace da halin maƙera: ƙarfe yana hucewa, siffarsa tana sauyawa a kan uwar maƙera, hannu yana gajiya. Babu duka biyu da ke samun yanayi iri ɗaya.

4.0 Matakan Koyo

A 1967, Fitts da Posner suka kasa koyo zuwa mataki uku: na fahimta, inda tunani da kuskure ke da yawa, na gogewa, inda ake tace motsi, da na sabo, inda hannu ke aiki baki yana hira. Adams a 1971 ya jaddada muhimmancin sanin sakamakon kowane yunƙuri. Schmidt a 1975 ya ƙara da cewa mai koyo yana gina ƙa'ida ce da ke haɗa ƙarfin da ya saka da sakamakon da ya samu, saboda haka atisaye mai sauye-sauye ya fi shirya shi ga sabon yanayi.

5.0 Kammalawa

Darasin bai tsaya a maƙera ba. Mai fama da shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, koyon motsi yake yi sabo. Idan 'yan'uwa suka ɗauke masa kowace ɗawainiya saboda tausayi, sun rage masa damar da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Abin da ya fi amfani shi ne a bar shi ya gwada aiki na zahiri, kamar ɗaukar buta ko kai loma baki, a yanayi daban-daban, bisa shawarar masu gashi, tare da sarari na gane kuskurensa da kansa. Haka ma malamin sana'a da mai horar da 'yan kokawa: riƙe hannun ɗalibi kullum yana gyara aikin yau, amma yana jinkirta ƙwarewar gobe.