Abubuwan da ya kamata ka sani kan matsalar inji da ta wuta a tsohuwar Sharon

Duk wanda ya saba shiga tashar mota a Kano, Kaduna ko Gusau ya san Sharon. Kamfanin Volkswagen ne ya fara fitar da ita a 1995, daga masana'antar Palmela da ke ƙasar Fotugal, wadda suka kafa tare da Ford. Can ne aka ƙera 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, shi ya sa kayansu da yawa ke shiga juna. An daina yin samfurin Sharon na farko a 2010, ke nan ko autarsu ta ba shekara goma baya. Don iyali mai mutum bakwai aka yi ta a ƙasar sanyi, a nan kuwa ga lodi, ga rana, ga ƙura.

Abin da ke cinye kuɗin masu ita shi ne gyaran lalube: a canja fulogi, a canja kwayil, a canja famfon mai, ciwo yana nan. A ganina ƙa'ida ɗaya ce: kada a sayi komai sai an auna.

Fara daga batir

Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 a mita idan mota na kashe. Idan an tayar da ita, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Bai hau ba, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki. Idan kuma batir na mutuwa cikin dare alhali caji lafiya lau, wani abu ne ke shan wuta a ɓoye. Mai gyaran waya zai haɗa mita, ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya kama layin. Sau da yawa rediyo ne ko wata na'urar da aka jona daga baya.

A duba kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota da inji. Tsatsa kaɗan a nan kan sa kik ya yi nauyi, fitilun dashbod su riƙa wasa, har a ɗora wa birenbos laifin da ba nasa ba.

Ruwa da karyayyar waya

Nan ne Sharon ta fi wahalar da mutane. A ƙasan gilashin gaba akwai magudanun ruwan sama. Ƙurar hunturu da ganye kan toshe su, damina na sauka sai ruwa ya bi ta hanyar iskar da ke shiga cikin mota ya kwanta ƙarƙashin kafet. A wurin kuwa akwai tarin wayoyi da na'urar da ke kula da makullan ƙofa. Sai ka ga ƙofa na kulle kanta, gilas ya ƙi sauka, fitilar ciki ta ƙi mutuwa. Ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa. In da danshi, ko mahaɗar waya ta yi kore, ka gano bakin zaren.

Wuri na biyu shi ne robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofa da murfin but. Motar haya ana buɗe ta ana rufewa wuni guda, wayoyin kan karye a ciki, wani lokaci fatarsu na nan kamar ba abin da ya same ta.

Fis kuma idan ya ƙone, faɗa maka yake akwai inda waya ke haɗuwa. Naɗa masa silin waya ko sa wanda ya fi shi lamba hanya ce ta gobara, kuma rayukan fasinja ne a ciki.

Ta mutu tana tafiya, ta huce ta tashi

Abu uku ake fara zargi: sensar da ke karanta juyawar karanshaf, wadda kan gaza idan ta ɗau zafi, sai rile mai ba birenbos wuta, sai famfon mai. Ka kasa kunne ko za ka ji kukan famfon idan an murɗa makulli. Idan kuwa ta tashi ta mutu nan take, a duba na'urar hana sata, wataƙila ba ta gane makullin ba.

Kwamfuta ba ta yanke hukunci

Turai ta wajabta soket ɗin gwaji na bai ɗaya ga motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Waɗanda suka girmi haka sukan buƙaci na'urar da ta san Volkswagen. Lambar da kwamfuta ta fitar nuni ce kawai. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, kuma tsagaggen tiyo, dattin sensar iska ko raunin famfo duk suna kawo ta. Wanda ya ga lambar ya ce a sayo sensa kai tsaye bai gama aikinsa ba.

Cire tamostat ba magani ba ne

An saba jin cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, sai a cire shi a haɗa fanka kai tsaye. Ban yarda da wannan ba. An tsara injin ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. Idan bai kai ba, birenbos zai ci gaba da ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi. Ainihin ciwon kuma, ko toshewar lagireto ne, ko famfon ruwa, ko murfin da ya daina riƙe iska, yana nan sai ranar da gasket ya ƙone a kan hanya. Zallar ruwan rijiya ma tsatsa take haifarwa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya.

Bel ko sarƙa?

Injin Volkswagen na 2.0, da 1.8T, da 1.9 na dizal duk bel suke amfani da shi wajen tayimin, VR6 kuwa sarƙa. Idan bel ya tsinke a 1.8T ko dizal, fistin zai doki bawul. Wanda ya sayi 'yar Kwatano bai san yaushe aka canja shi ba, ya canja kafin ya fara lodi.

Kai kuma mai mota, ka riƙa lura: da sanyi take yi ko da zafi, bayan ruwan sama ko bayan shan mai? Ka kai wa bakanike wannan bayani, ka kuma nemi ya nuna maka abin da mita ta nuna kafin ka ciro kuɗi.