Masu zuhudun Katolika na sake haɗuwa da 'yan'uwansu da suka fita

A Amurka da wasu ƙasashen yammacin Turai, ƙungiyoyin zuhudu da dama na ɗarikar Katolika kan keɓe ƙarshen mako guda domin karɓar baƙuncin tsoffin membobinsu, wato maza da matan da suka taɓa ɗaukar alkawarin zuhudu, daga baya kuma suka ajiye shi suka koma rayuwa irin ta sauran jama'a.

Wanda ya hangi irin wannan taro daga nesa zai ɗauka haɗuwar tsoffin ɗalibai ce kawai, tun da ana ciye-ciye, ana kallon tsoffin hotuna, ana tuna baya. Sai dai kafin shekarun 1960, wanda ya bar gidan zuhudu galibi a asirce yake fita, ba tare da ya yi sallama da abokan zamansa ba, kuma da wuya a sake ambaton sunansa a gidan. Saboda haka zaman da ɓangarorin biyu ke yi a yau kan tebur ɗaya wata alama ce ta irin sauyin da cocin ya gani cikin shekaru sittin.

Su wane ne masu zuhudu?

Tsarin zuhudu, wanda malaman Musulunci suka fi sani da sunan rahbaniyya, ya ginu ne a ɗarikar Katolika kan alkawari uku: mutum ba zai mallaki dukiya ta kansa ba, ba zai yi aure ba, kuma zai yi biyayya ga shugabannin ƙungiyarsa. Matan da suka ɗauki wannan alkawari su ne ake kira sistoci. A cikin mazan kuwa akwai limamai, akwai kuma waɗanda ba a naɗa su limanci ba, suna koyarwa ne ko jinya ko wasu ayyukan hannu.

Ba a rana ɗaya ake shiga ba. Bisa kundin dokokin cocin na 1983, mai neman shiga zai yi zaman horo na aƙalla watanni 12, wanda ba zai wuce shekaru biyu ba. Daga nan sai ya ɗauki alkawarin wucin gadi na shekaru uku zuwa shida, kana ya ɗauki na dindindin. Wanda ya kai wannan mataki na ƙarshe, idan ya so fita, sai ya rubuta takarda yana neman a warware masa alkawarin, kuma a manyan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin ikon Paparoma kai tsaye, Fadar Vatikan ce kaɗai ke da hurumin amincewa.

Waɗannan ƙungiyoyi ba baƙi ba ne a arewacin Najeriya. Sistocin St Louis daga ƙasar Ailan sun sauka Kano a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata ta yaye ɗalibai Musulmi da Kirista masu ɗimbin yawa. Kwalejin Sarauniya Amina ta Kaduna, sistocin ƙungiyar OLA ne suka kafa ta da sunan Queen of Apostles, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Haka nan 'yan ƙungiyar Dominican sun yi aiki a Gusau da Sakkwato, 'yan Augustinian kuma a Yola da Maiduguri. Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan wannan ƙungiya ta Augustinian ne, ya ma shugabance ta daga 2001 zuwa 2013.

Guguwar ficewa

Asalin lamarin yana komawa ne ga babban taron gyaran coci da aka fi sani da Majalisar Vatikan ta Biyu, wanda Paparoma John na 23 ya buɗe a 1962, aka kuma kammala a 1965 a zamanin Paparoma Paul na 6. Taron ya umarci ƙungiyoyin zuhudu da su sake duba dokokinsu da tufafinsu da salon rayuwarsu, su daidaita su da zamani.

Umarnin ya zo ne daidai lokacin da al'ummar yammacin duniya ke cikin wani juyi na kanta. Mata sun sami damar shiga jami'o'i da ayyukan da a da sai dai ta hanyar zama sista 'ya mace ke iya kaiwa gare su, kamar shugabancin asibiti ko kwaleji. Wasu masu zuhudun sun ga gyaran ya yi gaggawa har ya rushe rayuwar da suka zaɓa, wasu sun ga yana tafiyar hawainiya, wasu kuwa aure suke so. Sai aka yi ta fita dubbai-dubbai.

A 1965 Amurka tana da sistoci kimanin 180,000, amma zuwa 2022 adadin ya faɗi ƙasa da 40,000. Ƙungiyar Jesuit, wadda ita ce mafi girma a tsakanin ƙungiyoyin limamai masu zuhudu, tana da membobi kimanin 36,000 a faɗin duniya a 1965, amma a 2022 ba su wuce 14,000 da 'yan ɗaruruwa ba. Ficewa ce ta fara rage adadin, sannan ƙarancin sababbin shiga da mutuwar tsofaffi suka ƙarasa. Har a 2013 wani babban jami'in Vatikan mai kula da ƙungiyoyin, José Rodríguez Carballo, ya bayyana cewa fiye da mutum 3,000 ne ke barin zuhudu a kowace shekara.

Daga cikin waɗanda suka fita akwai fitattun mutane. Jerry Brown, wanda ya yi gwamnan jihar Kalifoniya har sau huɗu, ya yi zaman horo a wurin 'yan Jesuit a ƙuruciyarsa. Jean-Bertrand Aristide, wanda ƙungiyar Salesian ta kora a 1988, ya ci zaɓen shugaban ƙasar Haiti a 1990. Ita kuwa marubuciyar nan 'yar Birtaniya, Karen Armstrong, wadda Musulmi da yawa suka sani saboda littafin da ta wallafa kan tarihin Annabi Muhammadu (SAW) a 1991, ta shafe shekaru bakwai a gidan zuhudu kafin ta fita a 1969.

Rikicin Los Angeles

Babu inda wannan rabuwa ta fi fitowa fili kamar birnin Los Angeles, inda sistocin ƙungiyar Immaculate Heart of Mary ke koyarwa a makarantun cocin da dama. A 1967, ƙarƙashin shugabarsu Anita Caspary, sun yanke shawarar gwada wasu sauye-sauye: kowace sista ta zaɓi ko za ta sa tufafin zuhudu ko na gida, kowane gida ya tsara lokutan addu'arsa, kuma kada a tura sista aji sai ta kammala samun shaidar koyarwa.

Babban bishop na birnin, Kadinal James Francis McIntyre, ya ƙi amincewa, ya kuma ce ko su janye ko su bar makarantunsa. Fadar Vatikan ta mara masa baya. A 1970 sistoci kimanin 300 suka nemi a warware musu alkawari, yayin da kimanin 50 suka zauna kan tsohon tsari. A watan Fabrairun wannan shekarar mujallar Time ta sanya hoton Caspary a bangonta.

Abin da ya ja hankali shi ne waɗanda suka fita ɗin ba su watse ba. Sun kafa wata ƙungiya mai zaman kanta, Immaculate Heart Community, wadda daga baya ta buɗe ƙofa ga maza da ma'aurata da Kiristocin wasu ɗarikoki, ta kuma ci gaba da ayyukan ilimi da taimakon marasa galihu. Caspary ta rasu a 2011, kuma a 2021 aka fitar da wani fim mai suna Rebel Hearts kan labarinsu. Wannan misali ya nuna wa sauran ƙungiyoyi cewa da yawan masu fita ba addini suka bari ba, ba kuma aikin suka tsana ba, da tsarin shugabanci ne suka saɓa.

Yadda taron ke gudana

Galibi akan yi taron ne a hedkwatar ƙungiyar ko a gidan da aka yi zaman horo, daga yammacin Juma'a zuwa ranar Lahadi, kuma sau da yawa akan haɗa shi da bikin cikar ƙungiyar wasu shekaru da kafuwa. Tsoffin membobin kan zo da mazajensu ko matansu, wani lokaci har da 'ya'ya da jikoki.

Akan raba mahalarta bisa shekarar da suka shiga, domin waɗanda suka yi horo tare suna da wata shaƙuwa ta musamman, kasancewar sun shiga suna 'yan shekara 17 ko 18, an yanke su daga iyayensu, sun tashi lokaci ɗaya, sun ci abinci cikin shiru lokaci ɗaya. Akan keɓe lokaci kowa ya ba da labarin inda rayuwa ta kai shi. Akan ziyarci sashen jinya inda tsofaffin malamansu ke kwance, da maƙabartar ƙungiyar inda ake karanta sunayen mamata. A wasu tarukan shugabannin ƙungiya kan nemi gafara a bainar jama'a kan yadda aka sallami mutane a da. Ranar Lahadi kuma a rufe da addu'a a coci.

Me ya kawo sulhun?

Dalili na farko shi ne shekaru. Waɗanda suka rabu a 1968 ko 1972 a yau sun haura saba'in, wasu tamanin, kuma zafin gardamar wancan lokaci ya huce. Da yawa daga sauye-sauyen da aka yi faɗa a kansu, kamar ajiye dogayen tufafi, tuni waɗanda suka zauna ɗin ma suka rungume su.

Na biyu shi ne buƙata. Ƙungiyoyin suna da makarantu da asibitoci amma ba su da matasan da za su gaje su. Don haka suka ƙirƙiro wani matsayi na abokan hulɗa, wato mutanen da ke taya su aiki da addu'a ba tare da ɗaukar alkawarin nan uku ba, kuma tsoffin membobi na cikin waɗanda suka fi dacewa da shi tun da sun san gidan ciki da waje. Akwai kuma batun kuɗi. Sistocin Amurka sun yi shekaru suna koyarwa kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu fansho, har ta kai bishop-bishop na ƙasar suka fara wata gidauniyar shekara-shekara a 1988 domin kula da tsofaffinsu. Tsoffin membobin da suka sami abin hannu na daga cikin masu tallafawa.

Waɗanda ba sa zuwa

Duk da haka ba kowa ke amsa gayyatar ba. Doka ta 702 a kundin cocin ta ce wanda ya fita ba shi da ikon neman ladan aikin da ya yi wa ƙungiya, ko da yake ta umarci ƙungiyar da ta yi masa adalci da kyautatawa. A aikace, akwai waɗanda suka fita bayan shekaru ashirin ko talatin ba gida, ba ajiya, ba sana'ar da za su dogara da ita. A farkon 2020 Kadinal João Braz de Aviz, wanda a lokacin shi ke shugabantar ofishin Vatikan mai kula da masu zuhudu, ya bayyana cewa Paparoma Francis ya sa an buɗe wani gida a birnin Rum domin tsoffin sistocin da suka rasa matsuguni, akasarinsu 'yan ƙasashen waje.

Akwai kuma waɗanda cin zarafi ne ya fitar da su. Tsoffin membobin ƙungiyar Legionaries of Christ ne suka fito fili a 1997 suka zargi wanda ya kafa ta, Marcial Maciel, da lalata da su tun suna yara, amma sai a 2006 Vatikan ta dakatar da shi daga ayyukan limanci a bainar jama'a. Ga irin waɗannan mutane, liyafar kwana biyu ba ta isa ta maye gurbin bincike da diyya ba.

Afirka fa?

Yayin da gidajen zuhudu ke rufewa a Turai da Amurka, a Afirka da wasu sassan Asiya adadin sistoci ƙaruwa yake yi, har ta kai sistoci da limamai daga Najeriya ne ke riƙe da wasu coci-coci da gidajen jinya a Ailan da Amurka, ƙasashen da a da su ke turo 'yan mishan. Sai dai inda masu shiga suka yawaita, masu fita ma ba za a rasa ba, kuma a al'ummar da dangi ke ɗaukar zaman 'yarsu sista a matsayin abin alfahari, komawa gida ba ƙaramin nauyi ba ne.

Ƙungiyoyin yammacin duniya sun ɗauki kusan rabin ƙarni kafin su sake buɗe ƙofa ga waɗanda suka fita, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya kamata a nemi gafararsu sun riga mu gidan gaskiya kafin a aika musu da takardar gayyata. Tambayar da ke gaban takwarorinsu na Afirka ita ce ko za su tanadi hanyar sallama mai mutunci tun yanzu da gidajensu ke cike, ko kuwa su ma sai sun tsufa.