Yauƙin da Kawu Ya Hana a Wanke

Kawuna yana kiwon tarwada a bayan gidansa a Garwa, cikin tankuna biyu na siminti. A gefensu akwai wata shuɗiyar ganga da ruwan kifin ke bi ta cikinta kafin ya koma tanki, cike da wasu 'yan robobi masu kama da ƙafar amalanke, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba. Wani ƙaramin inji yana hura musu iska daga ƙasa, suna ta birgima kamar wake a tafasasshen ruwa.

Wata Lahadi Kawu ya tafi kasuwar Pitoa ya bar mini gida. Na leƙa gangar, na ga robobin da aka sayo farare tas sun koma launin ƙasa, ga yauƙi kamar miyar kuɓewa. Na ce bari in yi abin kai. Na kwashe su na zuba a baho, na sa omo da javel na darje su har suna ƙyalli. Da ya dawo na nuna masa ina jiran yabo, sai ya dafe kai ya ce, “Ɗana, ka kashe mini ma'aikata.” Kafin mako ya zagayo kifin sun daina cin abinci, muna ta canza ruwa safe da yamma, kuma sai da aka yi fiye da wata guda kafin gangar ta koma aikinta.

Ma'aikatan da yake nufi ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Duk wadda ta taɓa sa hannu a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ta san santsin nan. Haka duwatsun bakin kogin Binuwai suke, shi ya sa suke kayar da masu wanki. Ƙwayoyin ne ke liƙe wa abu, su fitar da wani danƙo su lulluɓe kansu, su zauna suna cin abin da ruwa ya kawo musu. A tankin Kawu abincinsu shi ne amoniya, sinadarin nan mai zarnin fitsari da kifi ke fitarwa, wanda in ya taru yake zama guba. Wani rukuni na ƙwayoyin yana juya shi zuwa wani sinadari, shi ma mai cutarwa, sai wani rukunin ya karɓa ya mayar da shi naitiret, wanda taki ne. Da ragowar ruwan Kawu ke ban-ruwan yakuwa da alayyafonsa.

Robar kuwa masauki ce kawai. An yi ta da ramuka da tsage-tsage don a samu wurin zama mai yawa a ɗan ƙaramin waje. Irin wadda ake kira K1, in ka auna lita 1,000 nata, wato cikin ganga biyar, bangon da ƙwayoyin za su iya liƙewa a kai ya kai murabba'in mita 500, kwatankwacin filin gida mai mita 20 a 25. Nauyinta ya ɗan gaza na ruwa kaɗan, don haka iska kaɗan ta isa ta juya ta. Suna gogar juna tsohon yauƙin waje yana kankarewa, na cikin ramukan yana zaune lafiya. Ba a cika ganga da su maƙil, ana tsayawa a wajen kashi biyu cikin uku don su samu wurin yawo, a kuma sa raga a bakin mafita kada ruwa ya tafi da su.

Dabarar ta samo asali ne daga tace ruwan ƙazantar birane. Tun 1893 a garin Salford na Ingila ake yayyafa ruwan kwata a kan tulin duwatsu, yana gangarawa yauƙin jikinsu yana cinye dattin. Matsalar dutse ita ce nauyi da cin fili da toshewa. A ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Hallvard Ødegaard na jami'ar Trondheim a ƙasar Norwe ya fito da wannan roba mai yawo, kamfanin Kaldnes ya shiga ƙera ta. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ana iya zuba ta a tsohon tankin da ya yi wa gari kaɗan, ya ɗauki ƙarin aiki ba tare da sabon gini ba.

Tun daga ranar da na yi wa Kawu ɓarna nake kallon kwatocin garinmu da wani ido. Garwa gari ne na masana'antu: ga matatsar man auduga ta SODECOTON, ga masaƙar CICAM, ga kamfanin lemo da giya, ga mahauta. Ruwa mai maiƙo da jini da ragowar hatsi shi ne ainihin abincin waɗannan ƙwayoyi. Abin da ya kuɓuce mana kuma Binuwai yake faɗawa, ya wuce Yola da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Muna da wata sa'a da mutanen Norwe ba su da ita, wato zafi. Su da sanyi suke fama, wanda ke sa ƙwayoyin kasala, mu kuwa ruwanmu ɗumi ne kusan duk shekara.

Inda gizo ke saƙar shi ne iska. Ƙwayoyin nan numfashi suke yi, in injin hura iska ya tsaya na dogon lokaci sai su shaƙe, ruwan ya fara wari. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka kammala a 1982, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ruwan madatsar ja da baya yake yi, wuta ta riƙa ɗaukewa. Shi ya sa Kawu ya haɗa wa injinsa faifan sola da batir kafin ya ƙara ko kifi ɗaya. Wanda bai da halin haka, tsohuwar hanyar tsakuwa tana nan, ruwa na gangarawa da kansa iska na ratsa tsakanin duwatsu. Sai dai a sani, ruwan da ya fito daga ganga ko tsakuwa ba na sha ba ne. Datti ya ragu, amma ƙwayoyin kwalara da taifod na iya tsira, sai an bi shi da magani.

Yanzu in na je gidan Kawu aikina ɗaya ne. Nakan tsoma hannu a ganga in ɗebo 'yan robobin, in ɗaga su saitin rana. In ramukan sun yi ruwan ƙasa-ƙasa kuma haske na ratsawa, sai in mayar da su in ce, “Kawu, ma'aikata suna lafiya.” Shi kuwa har yau a ɗakinsa yake kulle javel in ya ji sallamata.