Yoyon Lantarki a Taransista da Hanyar Lissafa Asararsa

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa wayar hannu kan cinye caji ko da an ajiye ta ba a taɓa ba. Wani kaso na wannan asara yana faruwa ne a cikin taransista, wato ɗan ƙaramin makunnin da aka gina kwamfuta da shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da masana ke kira yoyon lantarki, da yadda ake lissafa shi, da kuma dalilin da ya sa ya zame wa masu ƙera kwamfuta ƙarfen ƙafa.

2.0 Taransista da Aikinta

An fara ƙera taransista a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a shekarar 1947. Irin wadda ta cika na'urorin zamani, wato MOSFET, Mohamed Atalla, haifaffen Masar, da Dawon Kahng, haifaffen Koriya, su ne suka samar da ita a 1959. Sassanta uku ne suka shafi wannan nazari: tushe, inda lantarki ke shiga, magudana, inda yake fita, sai ƙofa, wadda ke buɗe hanyar da ke tsakaninsu ko ta rufe ta. Kamar famfo take, sai dai ba hannu ke murɗa ta ba. Matsin lantarki ne ke buɗe ta, kuma da bolt ake auna shi. Mafi ƙarancin matsin da ƙofar ke buƙata kafin ta buɗe shi za a kira matsin buɗewa a wannan maƙala. Yawan lantarkin da ke gudana kuwa da ampiya ake auna shi, ƙarfin da ake ci kuma da wat.

A shekarar 1963 Frank Wanlass ya fito da tsarin CMOS, inda ake haɗa taransista biyu-biyu, idan ɗaya tana buɗe ɗayar tana rufe. Hikimar ita ce kada da'ira ta ci wuta sai lokacin da take sauya hali. Saboda haka ci iri biyu ne: cin wuta na motsi, wanda ke faruwa yayin aiki, da cin wuta na zaune, wanda ya kamata a ce babu shi. Amma akwai shi, domin ƙofar ba ta rufuwa ruf.

3.0 Hanyoyin Yoyo

Manyan hanyoyin yoyo uku ne. Ta farko ita ce silalewar lantarki daga tushe zuwa magudana alhali matsin ƙofa bai kai na buɗewa ba. Ta biyu ita ce ratsa siririn bangon da ya raba ƙofa da hanyar, idan ya cika sirancewa. Ta uku ita ce tsiyaya a mahaɗar da ke tsakanin magudana da jikin silikon. Ta farkon ita za a yi lissafi a kanta, domin ita ce ke da alaƙa kai tsaye da matsin buɗewa.

4.0 Yadda Ake Lissafi

Lissafin mataki biyu ne. Da farko a nemo yoyon taransista ɗaya:

(1) Y = A ÷ 10^(B ÷ G)

A nan, Y shi ne yoyo. A shi ne lantarkin da ke gudana daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗewa. B shi ne matsin buɗewa. G kuwa shi ne gangare, wato yawan matsin da za a janye daga ƙofa kafin lantarki ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. A zafin ɗaki, wajen digiri 27 a ma'aunin Salsiyos, gangaren MOSFET ba ya yin ƙasa da kimanin milibolt 60. Wannan iyaka ce ta halitta, ba gazawar maƙeri ba. A aikace ya kan kama daga 70 zuwa 100.

Mataki na biyu shi ne nemo cin wuta na zaune:

(2) C = Y × M × N

M shi ne matsin da ake ba da'irar, N kuma adadin taransistocin da ke rufe.

Alal misali, a ƙaddara akwai ƙwayar silikon mai taransista biliyan 2, rabinsu a rufe, ana ba ta bolt 1. A ɗauka A maikuro'ampiya 1 ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na ampiya, B milibolt 400, G kuma milibolt 100. Idan aka raba 400 da 100 za a sami 4, wato 10 sau 10 sau 10 sau 10, wanda ya ba da 10,000. Ke nan yoyon kowace taransista nano'ampiya 0.1 ne, nano'ampiya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na ampiya. Abu ne da bai taka kara ya karya ba, amma da yayyafi kogi kan cika: idan aka ninka shi sau biliyan 1 sai ya zama ampiya 0.1, cin wutar kuma wat 0.1. Batirin waya mai ɗaukar wat-awa 15 zai ƙare cikin awa 150 ko da ba a yi komai da shi ba.

Yanzu a rage B zuwa milibolt 300 domin taransistar ta ƙara sauri. An rage rubu'i kacal, amma yoyon ya ninka sau goma, cin wuta ya koma wat 1, batirin kuma ya ƙare cikin awa 15. Idan aka sauko zuwa 200, wat 10 ke nan. Abin lura a nan shi ne, yoyo ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi.

Zafi ma yana da nasa tasirin. A digiri 100 iyakar gangaren tana tashi daga 60 zuwa kimanin 74, matsin buɗewa kuma yana raguwa, duka biyun suna ƙara yoyo. Yoyon kuma zafi yake haifarwa, zafin ya sake ƙara yoyo. Don haka lissafin da aka yi a zafin ɗaki kaɗai yana iya yaudarar mai shi.

5.0 Tasirinsa ga Ƙirar Kwamfuta

A shekarar 1974 Robert Dennard da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka nuna cewa idan aka rage girman taransista da matsinta tare, sauri zai ƙaru ba tare da zafin kowane yanki na ƙwayar ya ƙaru ba. An yi kusan shekara talatin ana cin moriyar wannan ƙa'ida. Sai dai rage matsin da'ira yana tilasta rage matsin buɗewa, lissafi na (1) kuwa ya nuna abin da hakan ke jawowa. A 2004 kamfanin Intel ya janye shirinsa na fitar da Pentium 4 mai saurin gigahaz 4, masana'antar kuma ta karkata ga haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko fiye a ƙwaya ɗaya.

An bi hanyoyi da dama wajen toshe yoyon. Da bangon ƙofa ya sirance har nanomita 1.2, sai Intel ya musanya shi da wani mai sinadarin hafniyam a 2007. A 2011 kamfanin ya sanar da taransista mai tsaye kamar tozo, wadda ƙofa ke rungumar hanyarta ta fuska uku, abin da ya matsar da gangare kusa da iyakarsa. Haka kuma akan ware taransista masu ƙaramin matsin buɗewa ga wuraren da ke buƙatar sauri kaɗai, a kuma yanke wa sassan da ba sa aiki wuta gaba ɗaya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa cin wuta na zaune ya rataya ne a kan yoyon taransista ɗaya, da matsin da'ira, da adadin taransistocin da ke rufe. Biyu na ƙarshe sannu a hankali suke ƙara asara, na farkon kuwa tsalle yake yi da zarar an taɓa matsin buɗewa ko zafi ya ƙaru. Duk mai ƙera da'ira dole ya auna saurin da yake nema da cajin da zai zube, domin lissafin bai ba shi damar samun duka biyun a lokaci ɗaya ba.