Tsakanin Kirari da Algus: Harshen Talla a Kafofin Sada Zumunta a Ƙasar Kwantagora

1.0 Gabatarwa

Talla daɗaɗɗiyar aba ce a rayuwar Bahaushe, kuma tun asali ba ta rabuwa da kirari da kambamawa. Abin da ya sauya a yau shi ne dandalin da ake yin ta. Manomin da ke Sahon Rami, cikin ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kwantagora, yakan ci karo da tallar taki da maganin feshi da maganin basir a WhatsApp ko Facebook ko TikTok tun kafin ranar kasuwa ta zagayo. Manufar wannan muƙala ita ce ta duba inda kirari ya tsaya da kuma inda algus ya soma a irin wannan talla.

2.0 Kirari da Da'awa

A kasuwa ta zahiri, idan mai talla ya ce hajarsa ba ta da na biyu, babu mai ɗaukar maganar a matsayin shaida. Mai saye yana tsaye, zai taɓa, ya shinshina, ya taya, domin gani ya kori ji. Ga kuma dillali da kowa ya san gidansa, wanda mutuncinsa ke jingine da la'adar da ya karɓa. Saboda haka kambamawa ba ta saɓa wa abin da Grice (1975) ya kira ƙa'idar gaskiyar zance, tunda mai faɗi da mai sauraro sun san adon harshe ake yi.

A waya kuwa, hoto da magana su ne hajar gaba ɗaya, kuma sau da yawa sai an tura kuɗi kafin a ga kaya. Dubi waɗannan misalai:

(1) Maganinmu sha yanzu, magani yanzu.
(2) Yana warkar da ciwon suga cikin mako guda.
(3) Ana dacewa da izinin Allah.

Misali na (1) kirari ne. Na (2) da'awa ce da ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa, domin ta ambaci cuta da wa'adi, sannan lamirin "yana" ya nuna aiki mai gudana a kullum, ba dace na sau ɗaya ba. Misali na (3) ya fi ɗaukar hankali. Lamirin "ana" ya ɓoye wanda ya dace da yawan waɗanda suka dace, ambaton Allah kuma ya kwashe alhaki daga wuyan mai sayarwa. Idan aka jera (2) da (3) a bidiyo ɗaya, an yi alkawari an kuma tanadi ƙofar fita. Wanda ya jingine maganin asibiti bisa wannan magana, da ransa ya yi ciniki.

Haka kalmomin aro irin su "orijinal" da "garanti" suke. A Turanci garanti alkawarin sauya kaya ne ko mayar da kuɗi, amma a bakin ɗan talla ya zama ƙarfafa zance kawai, kamar a ce "tabbas". Manomin da ya sayi jabun maganin ciyawa ba zai gane ba sai damina ta yi nisa.

3.0 Ma'aunin Shari'a da na Doka

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga malaman zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja. Fiƙihu ya kuma haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi wani. Shaidar ƙarya da ake shiryawa a bidiyo, da yabon da fitaccen ɗan wasa ke yi wa kaya ba tare da ya bayyana cewa biyansa aka yi ba, jikokin najashi ne.

Ta fuskar doka, hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a shekarar 2022, tana da hurumi a kan tallar intanet, yayin da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana bayanin da ke ɓatar da mai saye. Sai dai lambar NAFDAC da ake ɗagawa gaban kyamara tana bukatar fassara. Sanya maganin gargajiya a jerin hukumar yana nufin an duba rashin illarsa ne, ba an tabbatar yana warkarwa ba. Ɗan tallar da ya ce "NAFDAC ta amince da shi" ya yi amfani da faɗin ma'anar kalmar amincewa, wadda ke ɗaukar izini da yarda da tabbatarwa duka. Da ya ce "an yi masa rajista, amma ba a gwada ingancinsa ba", da ya faɗi daidai abin da lambar take nufi, ko da ciniki zai ragu.