Efren Reyes: Yaron da ya riƙa kwana kan teburin wasa ya zama zakaran duniya

Wasan da matasa ke bugawa a rumfunan Nassarawo da sauran unguwannin Jimeta, suna kiransa sunuka, galibi wasan ful ne mai ƙwallaye 15 da farar ƙwallo guda. Sunuka ta ainihi ƙwallayenta 22 ne. Iyaye da dama na kallonsa a matsayin zaman kashe wando da ƙofar caca. To amma daga irin wannan wuri Efren Reyes na ƙasar Filifin ya fito, wanda masana da yawa ke cewa wasan bai taɓa samun gwani kamarsa ba.

An haife shi ranar 26 ga Agusta, 1954, a lardin Pampanga. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi Manila wurin kawunsa, mai gidan wasan Lucky 13. Can ya riƙa yi wa 'yan wasa hidima, da dare ya kwana kan tebur. Saboda ƙanƙanta, sai ya taka akwatin lemo kafin hannunsa ya kai.

Fargabar iyaye tana da tushe, domin shi ma da wasan kuɗi ya fara neman abinci. Gasa ce ta sauya masa rayuwa. A 1985 ya lashe wata a Houston ta Amurka da sunan aro, Cesar Morales. A 1994 ya zama baƙo na farko da ya ci gasar US Open, sannan ya ɗauki kambun duniya a Cardiff a 1999, da wani a Fujairah a 2004. A 2006, gasa guda ta ba shi dala 500,000.