Toyota Tsusho da CFAO: kamfanin da ke bayan sababbin motocin Kwatano

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Agontinkon ko Zongo ya ƙirga motocin da ke wucewa, zai ga Toyota ce ta fi yawa. Sai dai ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa Benin ba. Mafi yawansu tsofaffi ne da aka sauke a tashar ruwan Kwatano, waɗanda ake kira "venues de France", ko tokumbo a bakin 'yan Najeriya. Sababbi fil kuwa ta hannun CFAO suke zuwa, kamfanin da mutane da dama ke ɗauka har yau na Faransawa ne. Hedikwatarsa tana Faransa, amma mai shi na Japan ne, wato Toyota Tsusho, reshen kasuwanci na rukunin Toyota.

Asalin reshen wani kamfani ne da aka kafa a 1936 domin bai wa masu sayen motar Toyota bashi. Bayan yaƙin duniya na biyu an rusa shi, kamar sauran manyan gidajen kasuwancin Japan, sai sashensa na ciniki ya tsaya da ƙafarsa a 1948 a birnin Nagoya da sunan Nisshin Tsusho. Sunan da yake amfani da shi yanzu ya samo shi ne a 1987.

Ba ya ƙera mota. Aikinsa shi ne ya sayo ƙarfe da alminiyam, ya yanka su daidai yadda masana'anta ke so, ya kai kayan haɗi a kan lokaci, sannan ya fitar da motar zuwa ƙasashen da Toyota ba ta da shago. Da haka ya kai motocinsa na farko Kenya a 1964. A 2006 ya haɗe da Tomen, wani tsohon gidan cinikin auduga, abin da ya buɗe masa harkar hatsi da sinadarai da wutar lantarki.

Ƙarfinsa a Afirka ya tsaya ne a gabashi da kudanci. Yammaci kuwa na CFAO ne, wanda aka kafa a Marseille a 1887, kuma tsofaffi a Kano da Maraɗi sun san shi da awon gyaɗa da sayen fata da sayar da atamfa tun zamanin Turawa. A 2012 Toyota Tsusho ya saye kusan duka hannun jarinsa daga rukunin PPR na iyalan Pinault da sauran masu jari, a cinikin da ya ƙiyasta darajar kamfanin a kusan yuro biliyan 2.3. Ya kammala mallakarsa a 2016, sannan a Janairun 2019 uwar kamfanin Toyota ta miƙa masa harkar sayar da motocinta a Afirka. Tare da motocin ya gaji rarraba magunguna da manyan kantunan Carrefour, wanda na farkonsu ya buɗe a Abijan a 2015.

To, mene ne ruwan ɗan Zongo da wannan? Cinikin tsofaffin motoci ya daɗe yana ciyar da gidajen Hausawa a Kwatano: dillalai a filayen Sekandji, direbobin da ke kai mota Malanville ko Seme, masu canjin naira da sefa, masu shagunan kayan gyara. Kasuwar ta sha duka a jere. Najeriya ta hana shigar da mota ta iyakar ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan hanyar Gaya ta toshe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

A daidai wannan lokaci aka sauƙaƙa wa sabuwar mota. Tun 2022 gwamnatin Benin ta zaftare kuɗin kwastan a kan motocin da ba a taɓa hawa ba, kuma ƙasashen CEDEAO sun amince a 2020 su taƙaita shekarun tsofaffin motocin da ake shigowa da su. A 2021 Toyota Tsusho ya buɗe wurin harhaɗa Hilux a Tema ta Ghana, yana kuma sayar da ƙananan motocin Suzuki ƙirar Indiya ga masu matsakaicin ƙarfi.

Abin da ya fi kusa da aljihun ƙaramin ɗan kasuwa shi ne, kamfanin ya fara shiga gonarsa. CFAO yana sayar da motocin hannu da ya duba ya ba su garanti da sunan Automark, yana kuma da Winpart mai rarraba kayan gyara na motoci iri-iri. Har yanzu tazarar farashi tana kare dillalin Sekandji, domin direban tasi ba zai iya sayen sabuwar Corolla ba ko da an yafe masa kwastan. Amma ma'aikacin banki ko na gwamnati da ke iya samun bashi yanzu yana da inda zai je, kuma shi ne mai sayen da a da yake ɗaukar mota mafi tsada a filin.